Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Ilmin Halittu

Da sunan Allah, wanda ya halicci kowane mai rai daga ruwa. Bayan haka, ya ku malamaina da 'yan'uwana almajirai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ke yawan ji a bakinmu duk sa'ad da jarrabawa ta kusato. Mu kan kwana muna haddar sassan fure da sunayen ƙasusuwa, muna gunaguni cewa ilmin halittu kayan Turawa ne, ba abin da ya haɗa shi da mu sai neman takardar shaida. Ni ma na daɗe a kan wannan zato, har ran da na karanta tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, na ga ashe tun kafin a aza harsashin makarantar boko ko ɗaya a ƙasarmu, akwai sarkin da ya kan zauna, bayan ya gama shari'a da shirin yaƙi, ya yi ta binciken ciwon ido da tsutsar ciki da amfanin ganyaye. Ga labarinsa a taƙaice.

An haifi Muhammadu Bello cikin 1781, watau shekara ta 1195 daga Hijira. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a gidan da ba a san wata dukiya ba sai littattafai, ya yi ƙuruciyarsa a Ɗagel, inda almajirai ke taruwa daga ko'ina don su ɗauki karatu wurin Shehu. Ya yi karatu gun mahaifinsa, da gun ƙanen mahaifinsa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ba a samu kamarsa ba wajen Larabci a zamaninsa. Ya sha nahawu da fiƙihu da tafsiri da hadisi tun yana saurayi, har ya zama shi ke rubuta wa mahaifinsa wasiƙu.

Yana da shekara 23, watau kamar tsaran mafi yawanmu a nan, aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804. A wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara, kana a ƙarshenta aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. Yunwa ta matsa wa jama'a, suka gangaro ƙasarmu ta Zamfara cikin 1805, suka zauna Sabon Gari 'yan watanni, daga nan suka wuce Gwandu. Duk wannan wahala da Bello aka sha ta. Ya ga yadda yunwa ke karya rundunar da takobi bai karya ba, ya ga masu rauni ba mai ɗaure musu, ya ga mata da yara suna tafiya a ƙasa cikin zafin rana. Ina tsammani a nan ne ya fahimci cewa lafiyar jama'a tana cikin abin da Allah zai tambayi shugaba a kai.

Cikin 1808 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Cikin 1809 ya kafa Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, a shekarar nan kuma Bello ya gama littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi masa mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi. Farkon mulkinsa bai sami hutu ba, gama tawaye ya tashi a Kware da wurare da yawa na Zamfara da Kabi da Gobir. Dabarar da ya yi ita ce gina ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane su yi noma da sana'a da karatu, su kuma tsare ƙasa. Bakura tamu tana cikin irin waɗannan garuruwa, haka Wurno, inda shi kansa ya fi son zama. Ya kuma yi ta jan hankalin Filani makiyaya su zauna wuri ɗaya, don 'ya'yansu su sami karatu.

To, wannan duka an san shi, kowane yaron makaranta ya iya faɗinsa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rubuce-rubucensa na ilmin magani. Bello ya wallafa littattafai masu yawan gaske da Larabci, cikinsu akwai da dama a kan ɗibbu. Ya yi rubutu a kan maganin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya kuma ware cuta ɗai ɗai ya yi mata ɗan littafi nata: akwai na ciwon ido, da na basur, da na ciwon ƙoda, da na tsutsotsin ciki, da wani a kan filasko da yadda a ke shan sa don wankin ciki. Ba kuwa shi kaɗai ba ne a wannan fage. Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu, wanda ya zauna Matuzgi kusa da Talatar Mafara, shi ma ya yi rubutu a kan magunguna. Ashe ke nan ƙasarmu ba baƙuwar wannan ilmi ba ce.

Ya kamata mu san irin ilmin da Bello ya gada, don mu auna shi da ma'aunin zamaninsa. Likitocin Musulmi na dā, irin su Ibn Sina, sun ɗauko daga Jalinusu na Yunanawa cewa jikin mutum yana tsaye a kan ruwaye huɗu: jini, da majina, da safara'u, da sauda'u. Kowannensu yana da ɗabi'arsa, ko zafi ko sanyi, ko danshi ko bushewa. In sun daidaita mutum yana lafiya, in ɗaya ya rinjayi saura sai cuta ta tashi, aikin likita kuwa ya rage wanda ya yi yawa, ko da ƙaho, ko da wankin ciki, ko da sauya abinci. Kada mu yi wa wannan dariya, domin likitocin Ingila na zamanin Bello su ma suna ta zubar wa marasa lafiya jini a kan zato mai kama da wannan. Sai wajen 1860 zuwa 1880 Fasta na Faransa da Kok na Jamus suka tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, su ke haddasa cututtuka masu yawa. A lokacin Bello ya daɗe da rasuwa.

Shaida mafi kyau a kan ƙishirwarsa ta ilmi ta zo daga bakin baƙo. Cikin watan Maris 1824 wani Bature mutumin Sikotlan, Kyaftin Kilapatan, wanda aka sani a ƙasar nan da sunan Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Barno da Kano da Zurmi. Ya rubuta cewa da ya nuna wa Bello kayan awon taurari, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji goma sha biyu, ya san taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila akwai likita, wanda zai zauna a ƙasarsa. Ku duba, mutumin da ya rubuta littattafan magani da hannunsa bai ji kunyar neman wanda ya san abin da shi bai sani ba, ko da ba addininsu ɗaya ba.

Yana da dalilin nema. A kwanakin nan da Kilapatan ke Sakkwato, agana ta kashe ɗan Waziri Giɗaɗo. Alhali kuwa tun 1796 wani likita a Ingila, Edwad Jena, ya gano cewa wanda aka yi wa lamba da ruwan ƙurjin shanu, agana ba ta kama shi. Sirrin abin shi ne jini yana koyon yaƙi da ƙaramar cutar, in babbar ta zo sai ta tarar an shirya mata. Shekara 28 ke nan da samun wannan sani a duniya, amma bai ƙetaro hamada ba, ɗan waziri ya tafi. Da wannan lambar aka bi agana gari gari har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya duka cikin 1980.

Kilapatan ya komo cikin 1826, wannan karo ta bakin teku. Likitan da aka haɗo shi da shi bai iso ba, ya salwanta a hanya. Amma ya kawo wa Bello littattafan Larabci, cikinsu har da na Ibn Sina, da na Iƙlidisu mai ilmin awo. Bello ya yi murna da na Iƙlidisu ƙwarai, ya gaya masa cewa dā suna da shi a gidansu, wani ɗan'uwansu ya samo shi a Makka, gobara ta cinye. Wannan zuwa na biyu bai yi daɗi kamar na fari ba, gama ana yaƙi da Barno, Bello ya hana shi wucewa can da kayan da ya ɗauko. Ciwo ya kama Kilapatan, ya mutu a Sakkwato cikin Afrilu 1827.

Akwai wani abin mamaki da ya fito daga tafiyar nan ta fari, wanda ya shafi darasinmu kai tsaye. Abokin tafiyar Kilapatan, Likita Odni, wanda ya mutu kusa da Katagum cikin Janairu 1824, ya kan tsinki ganyaye da furanni a hanya ya busar. Da aka kai abin da aka tara Ingila, sai aka ba wani masanin tsiro, Robat Buraun, ya duba. A bayanin da ya rubuta cikin 1826 ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, don tunawa da Mango Fak, Baturen da ya mutu a Kwara wajen Busa. Shi dai wannan Buraun, cikin 1831, shi ya yi bayanin cibiyar ƙwayar halitta, ɗan ɗigon nan da mu ke zanawa a tsakiyar ƙwaya duk ranar jarrabawa. Sa'an nan cikin 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu suka bayyana cewa jikin tsiro da na dabba duka da waɗannan ƙwayoyi aka gina su, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Bello ya rasu shekara ɗaya tak kafin wannan bayani. Abin da ya kuɓuce masa da shekara ɗaya, shi ne a shafin farko na littafinmu, muna hamma a kansa.

Bari mu ɗauki abubuwan da ya yi rubutu a kansu, mu ga abin da aka ƙara sani bayansa. Mu fara da filasko. Tun 1753 Liniyas, mutumin Suwidin, ya tsara yadda za a ba kowane tsiro suna biyu, na dangi da na kansa, kamar yadda a ke kiran mutum da sunansa da na gidansu. A wannan tsari filasko da tafasa da rai-ɗore gida ɗaya su ke, ana ce da gidan Senna, kalmar kuwa daga Larabci aka aro ta, ita ce sana da ta zo cikin hadisi. Wanda ya tsinko su uku ya jera zai ga shaida da idonsa: furensu rawaya ne, ganyensu bibbiyu ne a jere, 'ya'yansu cikin kwanso su ke. Kwanson nan kuma shi ya sa su cikin babbar zuriya ɗaya da wake da gyaɗa da tsamiya da gawo da ɗorawa. Game da aikinsa a ciki, an gano cewa sinadarin filasko yana wuce tumbi da ƙaramin hanji bai yi kome ba, sai ya kai babban hanji, ƙananan halittun da ke zaune can su narka shi, sa'an nan ya motsa hanjin. Shi ya sa wanda ya sha da dare sai da safe zai ji aikinsa. Har yau likitoci suna ba da shi, suna kuma gargaɗi kada a yawaita.

Ƙoda kuwa, an gano kowace ɗaya tana ɗauke da 'yan matatai kimanin miliyan guda. Su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 kowace rana, su mai da kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Wanda ya san wannan ba zai yi wasa da shan ruwa a bazara ba, ba kuwa zai yi ta ɗura wa kansa kowane irin jiƙo ba awo.

Amma inda na fi so mu dakata shi ne wajen tsutsotsi, domin nan ne ilmin halittu ya fi taɓa talaka. Magabata sun san tsila, sun san maganin fitar da ita, abin da ya ɓuya gare su shi ne ta ina ta ke shiga. Yanzu an sani: ƙwanta yana fita cikin bayan gidan mutum, saniya ta ci shi tare da ciyawa, ya zama ɗan ƙullutu cikin namanta, wanda ya ci naman bai dahu ba ya mai da ita cikinsa. Ashe maganinta na gaskiya shi ne masai da wuta. Kurkunu kuma ta wani ɗan ƙwaron ruwa ya ke shiga, wanda a ke haɗiyewa da ruwan tafki, bayan kamar shekara guda ya ɓullo a ƙafa, daidai lokacin noma. Ba a kashe shi da allura ba. Tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai shi shiga tafki, su suka gama da shi, har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi cikin 2013.

Saura tsargiya, wadda har yanzu tana nan. Wani likita Bajamushe, Bilhas, ya ga tsutsarta a Alƙahira cikin 1851, cikin 1915 kuma aka tabbatar da cewa sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta iya kama mutum. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi. Mu mutanen Maradun da Mafara da Bakura a bakin gulbi mu ke, tun da aka gama madatsar Bakolori cikin 1978 kuma noman rani ya yalwata, shinkafa da alkama suka samu, alhamdu lillahi. Amma ko'ina a duniya ruwa mai tafiya a hankali gidan katantanwa ne. Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa wani ƙauye, na tarar yara maza suna fitsarin jini, ba wanda ya damu, har wasu na ɗaukar abin alamar balaga. Na kuwa ci jarrabawa a kan wannan tsutsa, na zana ta da katantanwarta ba kuskure, amma sai da na yi mako uku a garin kafin ya faɗo mini a rai cewa zanen nan da yaran nan abu ɗaya ne. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Na haddace don mai gyaran takarda, ban karanta don jama'a ba.

A nan ne Bello ya fi mu. Ba shi da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ba shi da ɗakin gwaji, ba wanda zai ba shi takardar shaida. Cutar da ya ga tana damun mutanensa ita ya kan zauna ya bincika, ya tattara abin da magabata suka faɗa, ya rubuta a taƙaice yadda mai bukata zai amfana. Mu kuwa an tara mana abin da ya nema bai samu ba, an ɗaure cikin littafi ɗaya, an ba mu malamai. Har sunayen itatuwanmu an tsara mana, gama Likita Dalziyel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa tare da sunayensu na ilmi tun 1916.

Ƙarshen zamaninsa, cikin 1836, Bello ya fita da kansa ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke. Shekarar da ta biyo ciwo ya kama shi, ya rasu a Wurno cikin watan Rajab 1253, watau Oktoba 1837, yana da shekara wajen 56, bayan ya yi shekara 20 yana mulki. A can kabarinsa ya ke. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Waziri Giɗaɗo ya rubuta labarin halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, masu tarihi kuma sun shaide shi da cewa daga aikin hannunsa ya ke ci, ba ya taɓa baitulmali don kansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawarata. In za mu karanta sassan fure, mu fita bayan aji mu tsinko na tafasa mu fede shi. In za mu karanta hanyar tsutsa, mu tambayi kanmu a wane tafki na garinmu ta ke. Wanda ya karanta haka, jarrabawa ba za ta ba shi tsoro ba, domin abin da ido ya gani ba ya gudu daga zuciya kamar abin da baki ya haddace. In kuma an tura mu ƙauyuka, wani dattijo ya ce ilmin nan na kafirai ne, kada mu yi masa gardama ko raini. Mu gaishe shi da ladabi, mu ba shi labarin ɗan Shehu, wanda ya rubuta littafi a kan tsutsar ciki, ya kuma aika har Ingila neman likita.

Allah ya jiƙan Muhammadu Bello, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfanar da na bayanmu. Amin.